Gogen Turawa a hunturun Kano: me ya sa yake saki yana tsagewa?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. A Agege aka haife ni, kuma a can Legas na koyi kaɗa gogen Turawa, wato bayolin, yau shekara huɗu. A watan Disamba aiki ya dawo da ni Kano, na taho da gogena. Ban cika sati biyu ba ya fara canja hali. Turakun da nake murɗawa in ɗaure tsirkiya sun daina riƙewa, da safe in na buɗe akwati sai in tarar tsirkiya ɗaya ko biyu sun saki. Muryarsa ta yi kaushi, kuma in na ja tsirkiya mai kauri sai in ji wata ƙara kamar ƙuda ya shiga kwalba. Jiya kuma na ga wani siririn layi kamar gashi a fuskarsa, daga ƙasa, kusa da inda nake ɗora haɓa. Wani abokina ya ce sanyi ne ya kama shi, wai in shafe shi da man kaɗanya, in ɗiga sufa gulu a layin, in riƙa ajiye shi kusa da kaskon wuta. Abin da ya fi ɗaure mini kai, akwai wani dattijo mai goge a unguwarmu, nasa a ƙusa yake rataye a zaure, ba akwati ba komai, kuma lafiyarsa lau. Me yake faruwa, kuma me zan yi?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin in ce komai, ka ajiye man kaɗanyar nan, ka ajiye sufa gulu, ka ɗauke gogen daga kusa da wuta. Abokinka da kyakkyawar niyya ya ba ka shawara, amma ko ɗaya daga cikin ukun ka bi, gyaran gangar Abzinawa za ka yi. Zan zo kan dalilin kowanne.

In na fahimce ka, abu huɗu ne suka taso maka a lokaci guda: turaku suna saki, murya ta yi kaushi, akwai ƙara, ga kuma tsaga ta fara. Kana son sanin ko cuta huɗu ce ko ɗaya, da kuma abin da ya sa gogen gida bai damu da wannan yanayi ba. Cuta ɗaya ce, kuma sunanta ƙishirwa. Gogenka ya shekara huɗu yana shan laimar bakin teku, ka kawo shi cikin iskar da ta ratso Sahara a tsakiyar hunturu.

Ɗari daban, sanyi daban

Bahaushe ya daɗe da rabe wannan. Akwai sanyi, irin na damina bayan an ɗauke ruwa, mai laima. Akwai kuma ɗari, na hunturu, mai busar da leɓe, ya sa ƙafa faso, ya sa tsintsiya ta karye a hannu. Katako bai cika damuwa da sanyi ba. A Kano ko a daren da aka fi jin jiki ma'aunin zafi ba ya kusantar inda ruwa ke daskarewa, yawanci yana sauka ne zuwa wajen digiri 10 zuwa 14. Wannan ba zai fasa katako ba. Bushewar da ke tare da shi ita ce matsalar.

Ana auna danshin iska da kashi cikin ɗari. A Legas mafi yawan shekara yana tsakanin 70 zuwa 90. A Kano daga Disamba zuwa Maris, da rana tsaka, yakan sauka ƙasa da 20, wata rana ma ya kusanci 10. Masu ƙera gogen Turawa da masu gyaransa sun yi ittifaƙi cewa ya fi zama lafiya tsakanin 40 zuwa 60, kuma da zarar an yi ƙasa da 30 an shiga haɗari. Ka ga ke nan daga can sama da iyaka ka ɗauko shi, ka dire shi can ƙasa da iyaka, a tafiyar kwana ɗaya.

Katako ko ya shekara ɗari da sarewa bai daina shan ruwa daga iska yana mayarwa ba. A danshin kashi 80, ruwan da ke jikinsa yakan kai wajen kashi 16 na nauyinsa. A danshin 50 ya koma wajen 9. A danshin 20 bai fi 4 zuwa 5 ba. Duk ruwan da ya fita, katakon sai ya tsuke. Kowane kafinta a Arewa ya san wannan ko bai taɓa ganin ma'auni ba: ƙyauren da ke cijewa a watan Agusta shi ne za ka hango haske ta gefensa a watan Janairu. Abin lura shi ne katako ba ya tsukewa daidai ta kowane ɓangare. Ta tsawon jijiyarsa kusan ba ya motsi, ta faɗi kuwa yana motsi sosai. Duk wahalar da kake sha daga wannan bambanci ta fito.

Dubi yadda aka gina abin da ke hannunka. Fuskarsa wani itace ne mara nauyi na ƙasashen sanyi, dangin fayin, ana ce masa sifurus, an fafe shi har kaurinsa ya koma wajen milimita 3. Baya da gefe da wuya na wani itace ne mai ƙarfi, mefil. Turaku da allon da kake danna yatsu a kai baƙin katako ne mai tauri, ɗan uwan kanyar da muka sani. Itace uku, kowanne da irin tsukewarsa, an manne su wuri ɗaya, sannan tsirkiya huɗu suna jan su da ƙarfin da ya haura kilo 20 dare da rana. Faɗin fuskar daga ƙasa wajen santimita 20 ne. Da za a ɓalle ta a ajiye ita kaɗai, daga laimar Legas zuwa ɗarin Kano za ta rage faɗi da milimita 2 zuwa 3. To ga shi an manne bakinta da gefen da ba ya raguwa haka. Tana ja, gefe yana riƙewa, dole wani wuri ya saki.

Siffar wannan goge a arewacin Italiya ta kammala, a garuruwa irin su Kiremona da ke bakin kogin Po, inda Antonio Stradivari ya yi aiki har rasuwarsa a 1737. Ƙasa ce mai hazon ruwa da laima. Waɗanda suka tsara kaurin katakon nan ba su yi lissafi da iskar da ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ba.

Su ma can suna fama da wannan a lokacin sanyinsu, sai dai ta wata hanya, kuma hanyar ta shafi kaskon wutar da aka ce maka. Iska mai sanyi ruwa kaɗan take iya ɗauka. A digiri 0, ɗaki mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, tsayin mita ɗaya ba ya riƙe ruwan da ya wuce giram 5. A digiri 20 yana iya riƙe giram 17. In iskar waje mai ƙanƙara ta shigo gida aka ɗumama ta da na'ura, ruwan cikinta bai ƙaru ba, cikinta ne ya ƙara girma, sai danshin ya faɗo zuwa kashi 20 da 'yan kai. Shi ya sa masu gyara a Kanada da Jamus da arewacin Amurka suke cika da aiki a Janairu da Fabrairu. Kai kuma iskarka tun daga waje a bushe take. In ka ƙara mata garwashi, ka ƙara mata ƙishirwa, kuma a jikin gogenka za ta nemi abin sha.

Alamomin da ka gani

Turaku su ne suka fi saurin kai ƙara, kuma su ne mafi sauƙi. Ba gam ba ƙusa, matsewa ce kawai take riƙe su a raminsu, domin an feƙe su ɗaya gefen ya fi ɗaya kauri. Da suka bushe sai suka rame, ramin kuma ya ɗan karkace daga da'irarsa, sai riƙon ya tafi. Idan za ka ɗaure, ka riƙa murɗawa kana ɗan turawa ciki a hankali, ɗaya hannun yana tallafe da kan gogen. Ka naɗa tsirkiyar ta yadda zagayen ƙarshe zai matso kusa da bangon kwarmin da turaku suka ratsa, ta ɓangaren kan turken, wannan yana taimaka masa ya zauna. In har yanzu yana zamewa, ka zare shi, ka ɗan goga masa allin makaranta a wurare biyun da suke sheƙi, ka mayar. Ɗaya bayan ɗaya za ka yi. Kada ka taɓa kwance huɗun a tare, domin tsirkiya ce kaɗai take riƙe da jaki, wato ɗan katakon da suke hawa a tsakiyar fuska. Kuma kada ka danna turke da ƙarfin tsiya ko ka buga shi da wani abu. Na sha karɓar goge da kai a tsage saboda haka, kuma gyaran kai ya fi gyaran fuska wuya.

Muryar da ta yi kaushi tana da dalili biyu. Busasshen katako ya fi tauri, sai sautin ya yi tsini ya rasa zaƙi. Na biyun yana ciki. Leƙa ta ramin fuska, wato ramin sauti, na ɓangaren siririyar tsirkiya, za ka ga wani ɗan ginshiƙi kamar guntun fensir, kaurinsa wajen milimita 6, a tsaye tsakanin fuska da baya. Shi ma ba a manne yake ba, an yanka shi ne daidai wurin. Italiyawa da Faransawa "rai" suke ce masa a harsunansu, kuma sunan ya dace. Tsayinsa yana bin tsawon jijiya, saboda haka ba ya raguwa, alhali jikin gogen yana tsukewa a kansa. Ginshiƙin da aka yanka daidai da laimar Legas a Kano ya yi tsawo. Yana tokare fuska, yana hana ta rawar da ya kamata ta yi, kuma in abin ya yi tsanani ko gogen ya ɗan bugu, a daidai kansa fuskar take fashewa. Wannan ita ce tsagar da muka fi tsoro.

Ƙarar ƙuda kuwa, abin da na fi zato shi ne wani wuri a bakin fuska ko bakin baya ya ɗaye daga gefe. Ka riƙe gogen ta wuya, ka bi bakinsa kana ƙwanƙwasawa a hankali da gaɓar yatsa. Inda yake manne za ka ji sauti a cike, inda ya ɗaye za ka ji wani "tas-tas" kamar fasasshiyar ƙwarya. Ka kuma duba 'yan sukurorin gyaran sauti da ƙarfen maɗorin haɓa, su ma sukan yi sako-sako in katako ya rame, su yi irin wannan ƙara.

In ka tarar baki ne ya ɗaye, ka gode wa Allah. Da gangan ake manne fuskar goge da gam ɗin fata mai rauni, irin wanda ake dafawa daga fatar dabba a narka shi da ɗumi. An yi haka ne domin in ja ya yi ja, gam ɗin ya saki kafin katako ya tsage. Bakin da ya ɗaye aikin rabin sa'a ne da kwana ɗaya a matse.

Wannan darasi da tsada na saye shi. A farkon shekarun da na fara karɓar gogen Turawa, bayan na daɗe ina gyaran jita da kayan kiɗanmu na gida, wata makaranta ta kawo mini guda ɗaya da bakinsa ya buɗe kamar tsawon yatsa. Watan Agusta ne. Na ɗauko farin gam na kafintoci na cika wurin, har na bi sauran bakin na ƙara masa, ina ganin na yi aikin da ba zai sake buɗewa ba. Bai sake buɗewa ba kuwa. A watan Janairu yarinyar da ke koyo da shi ta dawo da shi a rungume, idonta ya yi ja, fuskar gogen ta tsage tun daga ƙasa har kusa da ramin sauti. Na kwana biyu ina ɓamɓarar gam ɗin da na zuba da hannuna, yana tahowa da tsokar katako. Tun daga ranar ban sake kusantar goge da wani gam ba sai na fata, kuma har yau in na tuna fuskar yarinyar nan sai in ji ba daɗi.

Yanzu ga tsagar taka. Wurin da ka kwatanta ya yi kama da wurin da aka fi samun tsagar bushewa. A can ƙasan fuska, a tsakiya, akwai wani ɗan baƙin katako a kwance da igiyar mariƙin tsirkiya take hawa, Turawa sirdi suke ce masa. An yanke bakin fuska an zaunar da shi a ciki. Shi a kwance yake bisa tsawonsa, ba ya raguwa, fuska kuma tana tsukewa ta matse shi daga gefe biyu, sai ta tsage daga kusurwarsa ta nufi sama. In tsagar gajera ce, gyaranta ba wuya. Damuwar ita ce ɓangaren da kake ɗora haɓa shi ne ɓangaren da wani dogon katako yake manne a ƙarƙashin fuska yana tallafe da tsirkiya mai kauri. In aka bar tsaga ta hau ta bi gefen wannan katako, sai an buɗe gogen gaba ɗaya.

Man kaɗanya yana maganin faso a ƙafa domin fata mai take so. Katako ruwa ya rasa, mai ba ya mayar masa da shi. Abin da man zai yi shi ne ya shige cikin tsagar ya jiƙa bakinta, daga nan kuma babu gam ɗin da zai sake kama wurin da kyau. Ko yatsa kada ka riƙa gogawa a kan layin, maiƙon hannu da ƙura suna mayar da shi baƙi. Sufa gulu kuma zai daskare a cikin tsagar tana buɗe, ya shige jijiyar katako, ya ci fentin fuska. Ran da laima ta dawo katako ya so haɗewa, ya tarar da dutse a tsakani.

Gogen dattijon unguwarku

Na ji daɗin wannan ɓangare na tambayarka, domin a nan ne shawarar wuta ta samo asali. Gogenmu ɗan gari ne. Ƙwaryarsa a ƙarƙashin wannan rana ta nuna ta bushe. Fuskarsa fatar guza ce, tsirkiyarsa tsagiya ce ta wutsiyar doki, kuma jan da take yi wa jikinsa bai kama ƙafar na tsirkiya huɗu ba. Fata in ta bushe ɗaurewa take yi, murya ta ƙara fitowa tar. Saboda haka hunturu lokacinsa ne. Abokiyar gabarsa damina ce: fata ta saki, tsagiya ta miƙe, murya ta dushe kamar mai mura. A lokacin ne za ka ga mai goge ko mai kukuma ko mai ganga ya kara kayansa kusa da wuta ko ya shanya a rana kafin ya fara. Abokinka ya ga ana haka, kuma daidai ne ga fata mai laima. Ya ɗauki maganin damina na abin fata ya ba ka a hunturu don abin katako.

Ba wai shi ma ɗari ba ya taɓa shi ba. Na sha sake fatar da ta ɗaure ta yage daga bakin ƙwarya, a goge da garaya da gurmi, kuma ƙwarya in ta bushe ƙayau ƙaramar faɗuwa take fasa ta. Sai dai komai nasa a kusa yake. Ƙwarya ta fashe a kai wa gyartai ko a sayo wata, fata ta yage a sa sabuwa, mai shi ma yakan yi da hannunsa. Naka baƙo ne, kuma fuskarsa ita ce muryarsa, ba a sake ta a sami goge iri ɗaya.

Abu guda da suka haɗa shi ne gashin doki. Bakan da kake ja da shi, gashinsa yana gajarcewa a bushewa. In ka gama kiɗa ka kwance sukuron baka, ka duba ko gashin ya saki. In ka kwance har ƙarshe amma yana nan a ɗaure, to ya gajarce fiye da kima, yana jan siririn kan bakan dare da rana, kuma a nan baka yake karyewa. Sai a sake masa gashi mai ɗan tsawo. Ƙaron da kake goga wa gashin baka ma ka rage, domin a hunturu gari yake tashi, ya haɗu da ƙurar hazo ya kwanta a fuska. Ƙurar nan tana da kaifi. Tsumma mai laushi, busasshe, bayan kowane kiɗa.

Masu jita da ke karanta wannan, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. In ka shafa gefen wuyan jitarka ka ji bakin ƙarafan suna karce maka hannu, allon ne ya tsuke ya bar su a waje. In tsirkiya ta fara taɓa ƙarfe tana ƙara, fuska ce ta lotsa. Magani ɗaya ne da na goge. Jitar da aka yi da falawud ta fi jurewa, mai tsada ta tsantsar katako ita ce take tsagewa.

Abin da za ka yi daga yau

Ka fara da rage wa tsirkiya huɗun ɗauri kaɗan, kamar mataki ɗaya ko biyu na sauti, yadda jaki zai ci gaba da tsayawa. Ka daina kaɗa shi har a duba tsagar, domin rawar katako tana ƙara mata tsawo. Na san wannan zai yi maka ciwo, amma hutun sati biyu ya fi buɗe goge.

Sannan ka nemi ɗan ma'aunin danshi mai lambobi, ƙarami kamar akwatin ashana. In ba ka samu a shagon kayan kiɗa ba, je wurin masu sayar da kayan ƙyanƙyasar ƙwai, suna da shi, kuma ba shi da tsada. Masu arha sukan yi ƙarya, ga yadda za ka gwada naka: ka cika murfin kwalba da gishirin girki, ka ɗiga ruwa ya jiƙe amma kada ya narke, ka sa shi da ma'aunin a roba mai murfi ka rufe ruf, ka bar su su kwana. Ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 70, ka san kullum za ka ƙara 5 a kan abin da ya faɗa.

Iskar cikin akwati za ka shayar, ruwa kada ya taɓa katako. Abin da nake ba mutane shi ne robar sabulu mai murfi, a huda murfin da ƙusa mai zafi wuri goma ko fiye, a sa soso a ciki wanda aka jiƙa aka matse har ba ya ɗiga. A ajiye ta a akwati wajen kan gogen, a tokare ta da tsumma don kada ta yi yawo, a rufe akwatin. Kowace safiya ka duba soson, a Kano kwana ɗaya ko biyu yake bushewa. Abin da kake nema 40 zuwa 50. Kada ka yi ƙoƙarin mayar da akwatin Legas, domin duk lokacin da ka fito da gogen zai faɗa cikin iskar ɗaki, kuma yawan hawa da sauka ya fi zama a bushe illa. Saboda wannan dalili, in ka fara kada ka yi kwana uku kana jiƙawa ka yi sati ka manta. In akwatin naka na yadi ne mai shan iska, ka zura shi cikin babbar leda ka naɗe bakin.

Akwai na kanti. Akwai 'yan fakiti irin na kamfanin Boveda masu lamba 49, suna ba da danshi in ya yi ƙasa, su sha in ya yi yawa. Suna da kyau, sai dai a nan da wuri suke ƙandarewa, kuma kuɗinsu ba kaɗan ba. Akwai kuma wata koriyar roba mai soso da ake zurawa cikin gogen ta ramin sauti. Ni ban cika son ta a hannun sabon shiga ba. Na buɗe goge fiye da ɗaya na tarar da tabon ruwa a ciki, gam ya narke, saboda ba a matse ta da kyau ba.

Ɗakin da kake ajiye shi ma yana da tasiri. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ko ƙuryar ɗaki ya fi ɗakin kwano da ke gasuwa da rana ya huce da dare. Ka nisanta shi da taga, da bangon da rana ke duka, da na'urar sanyaya ɗaki, ita ma tsotse ruwan iska take yi. A shagona randa biyu nake ajiyewa cike da ruwa, sababbi masu tsatsafo, in rataya jiƙaƙƙen bargo, in rufe ƙofa da labule mai kauri. Da wannan kaɗai ma'aunina yana zama sama da na waje nesa ba kusa ba, kuma ba ruwana da ko an kawo wuta. Bayan mota kuwa, ko na minti goma ne, kada ka bar shi a ciki.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nesa

Ban ga gogenka ba, kuma layi a fuska yakan yaudari ido. Wani a fenti kawai yake, bai shiga katako ba. Wani kuma da ake gani gajere ya riga ya yi nisa a ƙarƙashin fenti. Sai an riƙe shi a hannu, an leƙa ciki da ɗan madubi da fitila. In tsagar sirdi ce gajera, yadda nake yi shi ne in bar gogen kwana uku zuwa biyar a danshi mai kyau har bakin tsagar ya matso da kansa, in shigar da gam ɗin fata da ɗuminsa, in matse, sannan in ɗan rage tsawon sirdin don fuska ta sami wurin motsi. In ta yi tsawo sai an ɗora mata 'yan ƙananan faci daga ciki. In kuwa ta kai kan ginshiƙi, musamman ta baya, wannan ya fi ƙarfin kayan aikin da nake da su, kuma ina faɗa wa mai shi gaskiya in tura shi gaba.

Masu wannan aiki ba su da yawa a Arewa, saboda haka mai yiwuwa malaminka na Legas ne zai haɗa ka da wanda zai duba. In haka ta kasance, ka gaya wa mai gyaran a fili cewa a Kano gogen zai zauna. Yana da muhimmanci. In ya yanka ginshiƙi ya matse sirdi daidai da laimar can, kana dawowa za a koma gidan jiya. Ka roƙe shi ya bar wa sirdi 'yar sarari a gefe biyu, kuma kada ya sa ginshiƙin ya matse sosai. A hanyar dawowa soso yana cikin akwati, in ka iso ka bar shi a rufe ya kwana kafin ka buɗe.

Kada kuma ka cire soson don ka ji ɗari ya wuce. Maris da Afrilu a Kano zafi ne, amma iskar tana nan a bushe. Ka bi abin da ma'auni ya nuna. Sai gajimare ya fara haɗuwa, an yi ruwan fari, ka ga lambar ta haura 50 da kanta, sannan ka fitar da robar ka shanya ta. A satin da ka fitar da ita ka bi turakun ɗaya bayan ɗaya, ka ɗan sassauta kowanne ka jawo shi waje kaɗan kafin ka sake ɗaurewa, domin turken da ka tura ciki a Janairu zai kumbura a Yuli ya cije, kuma a wurin ƙoƙarin murɗe shi da filaya ne mutane suke karya shi.